Jegon 'Yar Fari a Tsibirin Jawa

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A Islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, ranar kasuwar Ajingi ma sai da mai manja ta riƙe mini kwalba ta ce sai na faɗa mata ko da gaske ne mutanen can har karin kumallo da shinkafa suke yi. 'Yan ajinmu na sakandare kuwa sun ce tun da ni ce mai taya su rubuta insha'i a da, babu dalilin da zai sa in yi ta ba su labari gutsi-gutsi. To, ga shi na zauna. Abin da na manta Allah ya yafe mini, abin da na tuna kuma ku yi haƙuri da tsawonsa.

Ga wanda bai san mafarin abin ba: yarinyar wajena ta fari, wadda a gida ake ce wa 'Yar Inna, tana auren Kabiru, ɗan garin Balan ta ƙasar Gaya. Shi ya samu tallafin ƙaro karatu kan noman shinkafa a ƙasar Indonesiya, ya tafi da ita wani gari da ake kira Jogja a tsibirin Jawa. Can ta samu ciki. A al'ada gida za ta dawo ta haihu, ta yi wanka, ta yi arba'in, amma likitocin can suka ce kada ta hau jirgi.

Kun san gidanmu da sauran fulatanci. Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba, ko a rubutun nan ba za ku gan shi ba. Ranar da aka yaye ta, Inna, mahaifiyata, ta goya ta zuwa Gafasa, can ta girma. Ita Inna take kira uwa, ni kuwa Adda take ce mini. In ta zo hutu Ajingi "ke" nake ce mata, ko in aiki ƙaninta ya kira ta. Ranar da aka kai ta ɗakin miji ina ƙuryar ɗaki, mutane suna yaba mini kawaici, Allah kaɗai ya san abin da ke cikina. Da a gida ta haihu, ko ruwan wankan ba ni zan dafa ba, aikin Inna ne da Gwaggo Hansai. Amma Inna ƙafa ta ƙi, Gwaggo kuma ta ce ita ko gadar Wudil da addu'a take haye ta, balle teku. Sai abin ya faɗo kaina.

Inna ta kira ni Gafasa ta yi mini kashedi: ruwa ya tafasa sosai, safe da yamma, kunun kanwa kada ya yanke, kada in bar mata 'ya da ɗanyen jiki. Na ce to. A raina kuwa murna nake yi wadda ban nuna wa kowa ba. Wanka aiki ne, aiki kuma ba ya cikin abin kunya. Shekara ashirin da 'yan kai ina neman dalilin da zan yi wa yarinyar nan wani abu da hannuna, ga shi Allah ya kawo dalili.

Neman biza ya ja mu. Muka yi ta zarya Abuja ni da Malam, maigidana, har haihuwar ta zo ina gida, kuma ta zo da gardama, sai aiki aka yi mata aka ciro yaron. Suna ma a waya na gan shi. Da takarda ta fito, maƙwabta suka cika mini jaka: surfaffen gero, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin jego, kilishi, man shanu, damin ganyen runhu na wanka, da ƙullin kanwa ungurnu da Inna ta zaɓo da kanta. Muka hau bas daga Ajingi, muka tsaya Gaya iyayen Kabiru suka ƙara nasu saƙon. Kafin mu kai Wudil akuyar wani bawan Allah da aka ɗaure a bayan mota ta huda buhu ta cinye kusan rabin ganyen. Mai akuyar ya yi ta ba ni haƙuri, direba kuwa cewa ya yi in godiya zan yi in yi, ga akuya ta fara jego kafin mai jego.

Jirgi ban taɓa hawa ba, ko Makka Allah bai kira ni ba tukuna. Da ya ɗaga na riƙe hannun kujera na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. A wata ƙasar Larabawa muka canza jirgi, nan na fara ganin mutanen da zan je wurinsu: tsofaffi ƙanana-ƙanana masu dawowa daga Umara, duk da anko iri ɗaya. Wadda ke kusa da ni ta ga ina dafe kai, sai ta ciro wani mai mai yaji ta shafa mini a goshi da bayan kunne. Muka yi taimama a jikin kujera, muka yi salla a zaune kafaɗa da kafaɗa.

A Jakarta ne na ga tashin hankali. Jakata ta shiga na'ura, sai na ga an ware ta gefe, aka yafito ni zuwa wani ɗaki. Suka buɗe daddawa, wani saurayin ma'aikaci ya ja da baya yana toshe hanci. Wannan duk dariya ce. Da aka kwance ƙullin Inna, aka ga farin abu dunƙule-dunƙule da gari-gari a leda babu rubutu, sai dariya ta ɗauke. Aka kira wasu, aka karɓi fasfo ɗina. Sai a lokacin na tuna labaran da muke ji a rediyo na masu safarar ƙwaya, da irin hukuncin da ake yi musu a ƙasashen nan. Turancin sakandaren da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni, abin da na iya haɗawa kawai shi ne na miya ne, na kunu ne, na mai haihuwa ne. Na ɗauki ɗan gutsure zan lasa su gani, wata ma'aikaciya mai hijabi ta riƙe mini hannu. Suka tafi da kanwar gwaji, na zauna ina ta hasbunallahu, ina tunanin yadda za a kai wa Malam labari a ce an kama Maman yara da hodar iblis. Da suka dawo fuskarsu ta sake. Sun ce ba komai ba ce, amma ba za ta shiga ba, haka nama da man shanu da gero da ganye. Kuka da kuɓewa da yaji kawai suka bar mini. Matar ta maida mini fasfo ta ce, "Sabar, Ibu." Ibu ban san shi ba a lokacin, ashe uwa ke nan. Sabar kuwa ko ba a fassara ba na san shi daga Alƙur'ani. Na fito da jaka shafal, rabin aikin da ya kawo ni ya tsaya a kan tebur.

Kabiru na jirana a waje. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar jama'a, mutane suna kallonmu. Jirgin ƙasa muka hau zuwa Jogja, kusan wuni guda, ni ina kallon taga, shi yana kallon takalminsa. Ya sayo mini shinkafa a kwali, na riƙe ta a cinya har ta huce, don ba zan ci a gaban suruki ba. Da ya gane sai ya ce zai je ya duba wani abu a ɗaya taragon, ya daɗe bai dawo ba. Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ta taga kuwa kore ne har iyakar gani. Nan ana dashe, gaba kaɗan ana girbi, duk a rana ɗaya. Na tuna yadda muke ɗaga kai sama a Ajingi muna jiran hadari, na ce Allah mai rabo.

Gidan da suke haya ɗakuna biyu ne a bayan gidan wata dattijuwa, Bu Ratmi, mijinta ya rasu, ta daɗe tana ba ɗalibai baƙi haya, shi ya sa take da ɗan Turanci gurgu-gurgu irin nawa. Na shiga na tarar da yarinyar a kishingiɗe, ta rame, an shafa mata wani ƙullun magani a goshi kamar mai shirin tashe. Ta yunƙura za ta tashi tana cewa, "Adda, sannu da hanya." Na ce, "Yauwa. Ya jiki?" Idona a kan jariri. Shi na ɗauka, shi na yi wa duk surutun da ke bakina, na ce wannan angon nawa ko sadaki bai biya ba ya sa na kusa kwana a gidan yari.

A ranar Kabiru ya sanar da ni sauran labarin, yana ta kame-kame. Likita ta hana ruwan zafi irin namu saboda ɗinki, ta hana zama a ruwa, kanwa kuwa ko da ta shigo ba za a sha ba, jininta ya hau lokacin haihuwa. Ba wai ban taɓa jin haka ba, a asibitin Gaya ma suna faɗa. Amma ji daban, a ce maka abin da ka ƙetare duniya dominsa babu shi daban. Abinci kuwa da magungunan gargajiyarsu Bu Ratmi ta riga ta ɗauke: kullum da safe ga ta da kofin wani jiƙo na kurkum da tsamiya da citta, ga miyar wani ganye mai kawo nono, ita ke wa jariri wanka. Na zama baƙuwa mai cin abinci.

Washegari na yi abin da har yanzu in na tuna sai na rufe fuska. Gajiya ta sa na makara, gari ya fara haske. Ban tambayi kowa ba, na fito baranda na duba inda rana ke shirin fitowa, na shimfiɗa darduma na kabbara. Ai duk wanda aka haifa a ƙasar Hausa ya san gabas ita ce alƙibla. Ina sallamewa na ga Bu Ratmi tsaye da tsintsiya tana jira. Ta zo ta dafa kafaɗuna biyu a hankali, ta juya ni kamar ana juya yaro, har na ba rana baya. Ta nuna gabana ta ce, "Makka." Ashe na wuce Makka tun a jirgi, Ka'aba na ba wa baya. Na rama salla ina jin kunya. Daga baya da na saba, abin ya zame mini daɗi, don Kabiru ya ce gida ma ta wannan ɓangaren yake. In na zauna tahiya sai in ji kamar ina hango Malam da yara can gaba da Makka kaɗan.

Kwanakin farko zaman baranda na yi. In share inda aka riga aka share, in wanke kayan jariri, in koma in zauna ina kallon ruwan sama da ke sauka kusan kowace la'asar. Muna gida ɗaya da yarinyar, amma in Kabiru ya tafi makaranta sai gidan ya yi tsit, ita a ɗaki, ni a waje, jariri ne ɗan aikenmu. Na fara lissafin komawa. Na ce a raina, haka zan koma kamar yadda na zo, ban tsinana mata komai ba, kuma irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu.

Bu Ratmi ce ta gaji da ganina. Wata safiya ta miƙo mini hular kwano ta nuna babur. Mace mai jikoki, da hijabinta, ita ke tuƙa babur, kuma ba ita kaɗai ba, duk titi mata ne. Na ɗora hular a kan hijabi, na zauna a karkace na ƙanƙame ta, ina roƙon Allah kada wani ɗan Ajingi ya ɓullo. Kasuwa ta fara kai ni. Na ga rogo, na ga zogale, na ga awara tuli-tuli har na yi mata sallama kamar 'yar garinmu. Sai dai mutanen Jogja sukari suke sa wa miya. Abincin da suka fi alfahari da shi wani ɗanyen ɗan itace ne da ake dafawa da madarar kwakwa har ya yi ja, ga kaza ga ƙwai, amma zaƙi kamar alewa. Na ci don kara. Ni ma na rama: na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, na sa wani dakakken jatan lande nasu mai wari a madadin daddawa. Bu Ratmi ta ɗaga loma, miya ta biyo ta ba ta tsinke ba, ta yi ta ɗaga hannu sama tana neman ƙarshenta. Ita ma ta ci don kara.

Ta kai ni inda mata ke zanen atamfarsu da hannu. Kowace da 'yar butar tagulla kamar ta kwalli, tana ɗebo narkakken kaki tana zana fure a farin yadi, a rina, a kankare, a sake. Zane ɗaya sai ya ci wata da watanni. Ashe Java ɗin da muke gani a bakin atamfa sunan tsibirin nan ne. Suka ba ni in gwada, na ɗiga musu kaki a inda bai dace ba, tsohuwar da ke koya mini ta mai da ɗigon ya zama idon tsuntsu.

Ranar wata Asabar Kabiru ya ɗauki hayar mota ya kai mu Borobudur, wani tsohon ginin dutse na mabiya addinin Buddha, tsibi guda kamar tsauni, ko'ina gumaka a zaune. Zuciyata ba ta kwanta da hawa ba, gwiwata ma ta goyi bayan zuciyata, na zauna a inuwa. Abin mamaki, masu shara da masu sayar da tsaraba a wurin kusan duk Musulmi ne, ana kiran salla suka bi layin alwala. Ina zaune 'yan makaranta mata suka yanyame ni suna roƙon hoto. Kowace in ta zo sai ta kama hannuna ta sunkuya ta ɗora shi a goshinta, haka suke gaida manya. Mu durƙuso muke yi daga nesa, su sai sun taɓa ka. Hannuna ya yi ta yawo a goshin 'ya'yan mutane.

A hanyar dawowa muka bi ta gindin wani dutse mai aman wuta. Hayaƙi yana fita a kansa kamar an bar tukunya a murhu, ga mutane a ƙasa suna ta shukar barkono da kabeji hankali kwance. Wani manomi ya ce dutsen ya taɓa cinye musu gida da shanu, da ya lafa suka dawo, don tokarsa ta fi kowane taki, kuma nan kakanninsu suke kwance. Na tuna mutanenmu na bakin kogi da ambaliya ke kora duk shekara suna komawa.

Teku kuwa mu biyu muka je da Bu Ratmi a motar haya. Na sa koren hijabina na fita kunya. Muna sauka ta kalle ni ta dafe ƙirji, wai ta manta ba ta duba ni ba tun a gida. A bakin wannan tekun ba a sa kore, suna da camfin wata sarauniyar ruwa da ke janye mai koren kaya. Na ce mata babu mai ɗaukar rai sai Allah. Ta ce haka ne, ita ma ta sani, amma dai. Na so in ja, sai na tuna ko a jiya aka ce mini in bar yaro ya je kogin Wudil da tsakar rana ba zan bari ba, kuma ba don zurfi kaɗai ba. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka liƙa. Ta ciro farin mayafin sallarta daga jaka na sa, ya tsaya mini a gwiwa.

Ba zan iya kwatanta muku teku ba. Ruwa ne da ba shi da tsallake, yana ta zuwa yana komawa da ruri, yashin bakinsa baƙi. Na tsoma ƙafa, ya janye ƙasar da ke ƙarƙashina, na koma da baya da gudu. Muka zauna a rumfa aka fasa mana ɗanyar kwakwa. Nan Bu Ratmi ta yi ta juya maganar da ke cinta, da Turancinta da hannayenta, har ta fito da ita: wai ni na haifi yarinyar nan kuwa? In ni na haife ta, wane laifi ta yi mini? Ta ce tun da na zo ba ta ga na taɓa ta ba, ba ta ji na kira ta ba.

Na yi dariya na shiga yi mata bayani. Na ce kunya ce, girmamawa ce ga manya, ɗan fari na kakanni ne, mace ba ta nuna zaƙuwa a kansa, kuma duk garinmu babu wanda zai ce ba na son ta. Ta saurara har na gama. Sai ta ce su ma suna da kunya iri-iri, ta fahimta. Ta ce ranar da likita ta hana wankan, yarinyar ta yi kuka har ta ba ta tsoro. Ta zaci tsoron ciwo ne, sai yarinyar ta ce mata a'a, ita ba ruwan zafin take so ba, amma in babu wanka Adda ba za ta samu abin da zai shigo da ita ɗaki ba.

Na ajiye kwakwar. Bu Ratmi ta juya tana kallon ruwa, ta ce tata 'yar guda ɗaya ce, tana aikatau a ƙasar Larabawa, ta haihu a can, shekaru ke nan sai a waya. Ta ce, "Ni teku ce ta raba mu. Ke labule ne."

Muka tashi muka kama hanyar gida.

Mutanen Jogja ma suna da arba'in ɗinsu. Maimakon ruwan zafi, tausa suke yi wa mai jego da man kwakwa, sannan a naɗe mata ciki da wani dogon zane siriri, tun daga ƙugu har ƙarƙashin ƙirji, ana naɗawa ana ƙullawa kamar kitson igiya. Saboda ɗinki sai da aka jira likita ta ba da izini. Ranar da za a fara Bu Ratmi ta kira ni ɗakin, wai in riƙe mata bakin zanen. Ta yi naɗi biyu tana nuna mini yadda ake ƙullin, sai ta yarfe hannu ta ce wuyan hannunta ya motsa, babur ne ya ja mata. Ta warware abin da ta yi, ta tura mini kwanon mai, ta ɗauki jariri ta fita baranda. Matar da na gani da idona ta fasa kwakwa da adda a safiyar nan.

Muka rage mu biyu. Yarinyar ta juya ta ba ni baya, ta sunkuyar da kai. Na tsoma hannu a mai. Rabona da fatar jikinta tun tana shan nono. Na fara daga kafaɗa, sai na ci karo da wani tsohon tabon ƙuna mai faɗin tafin hannu a ƙasan allon kafaɗarta. Na ce, "Wannan fa?" Ta ce tun tana aji uku ne, tukunyar dahuwar gyaɗa ce ta kife mata a Gafasa, Inna ta ce kada a faɗa mini, don ko an faɗa ba zan iya zuwa in duba ba, sai dai in ƙi barci. Na ɗora hannuna a wurin na kasa ɗaukewa. Ba ta juyo ba, ni ma ban so ta juyo ba. Can ta ce, "Adda, ya warke fa tuntuni." Na ce na sani.

Naɗin ranar farko bai yi kyau ba, kafin azahar ya zame. Washegari ya fi. Hannun Bu Ratmi kuwa bai warke ba har na bar ƙasar, sai dai in za ta hau babur. Kowace safiya in Kabiru ya fita, sai in shiga in saki labule. Tana ba ni baya muke hira, haka ya fi mana sauƙi. Na ji labarin makarantarta, da ƙawayenta, da irin tsoron da ta ji da za a shiga da ita ɗakin aiki. Na gano tana son ƙanzo kamar ni, kuma tana da dariyar mahaifina. Gashinta ya daɗe a cukurkuɗe don babu mai iya kitsonmu a unguwar, na zaunar da ita tsakanin gwiwoyina na yi mata shuku, matan maƙwabta suka taru a taga suna kallo. Sunan dai ban kira ba, kada ku ce na lalace gaba ɗaya.

In kun tambaye ni me na fi kewa, ba tekun ba ce, ba koren ba ne. Wannan ɗan ɗakin ne mai ƙamshin man kwakwa, da ƙarar ruwa a kan rufi, da ganga da suke bugawa a masallacin unguwa kafin kiran salla, da muryar Bu Ratmi a baranda tana yi wa angona waƙa da yarensu. A duk tsibirin nan babu wanda zai gan ni da 'yata ya ce na yi rashin ta-ido.

Ranar tafiya Bu Ratmi ta ba ni kwalbar man da zane ɗaya na hannu. Ni ba ni da abin da ya kai, sai na kama hannun yarinyar na sa a nata na ce, "Amana." Ashe kalmar ɗaya ce a wurinsu. Yarinyar ta kama hannuna ta ɗora a goshinta irin na mutanen can, ta daɗe ba ta saki ba, ni ma ban janye ba, a gaban Kabiru kuwa.

Da na dawo na huta, na tafi Gafasa kai rahoto. Tun a mota nake shirya yadda zan faɗa, daga ƙarshe na faɗi gaskiya yadda take: babu wanka, babu kunu, kanwa tana Jakarta. Inna ta yi faɗa son ranta, ta ce an bar mata 'ya da ɗanyen jiki, ta ce likitocin zamani ba su san sanyi ba. Na nuna mata hoto ta ga yarinyar ta yi ɓul-ɓul, ta ɗan sauko. Ta tambayi me aka yi mata to, na kwatanta tausar da naɗin. Ta ce wa ya yi? Na ce ni. Ta ce matar gidan dai ta yi ina kallo? Na ce a'a, ni, kullum, har na taho.

Inna ta ci gaba da jan carbi. Ku da kuka san gidanmu kun san ni ma 'yar farinta ce. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma tun da ƙafarta ta kwanta, ƙanwata Ladi ce ke yi mata komai, ni sai dai in aiko da cefane in gaishe ta daga bakin ƙofa. Can ta juya fuskarta wajen bango ta ce, "Ke, man nan da kika ce, da saura? Bayan nan nawa ya hana ni sakat."

Na ce da saura, yana cikin jakata. Na ɗaga murya zan kira Ladi.

Inna ta ce, "Bar ta, aiki take yi."

Na leƙa tsakar gida. Ladi na zaune a kan turmi tana cin gyaɗa. Na tashi na saki labule.